Hutun da Inna Ta Hana

Kamila na tankaɗe gari a tsakar gida, sai ga Inna Sa'a, uwar mijinta Ashiru, riƙe da katin asibiti.

"Mene ne wannan na tsinta cikin aljihun Ashiru?"

Kamila ta ajiye rariya. "Inna, na allurar tazarar haihuwa ne. Aiki biyu aka yi mini wajen haihuwa, likita ta ce in huta shekara ukku kafin wani ciki."

"Tara na haifa a ɗakin can, ban ga likita ba. Yau su ce ku huta, gobe su ƙayyade muku 'ya'ya. Wa ya nuna musu abin da Allah ya rubuta?"

Ashiru ya dawo daga gona ya tarar da maganar. Shi ya ɗauki Kamila a babur daga Yashe ya kai ta Kankia aka yi allurar. Ya durƙusa.

"Inna, na tambayi Malam. Ya ce in don lafiya ne, ba laifi."

"Malam ne ya haife ka? In ta ƙara yi, ban yafe maka ba."

Kwana huɗu Ashiru bai ci abincin kirki ba. Kamila ce ta lallashe shi.

"Yaya, ba ni zan raba ka da albarkar Inna ba."

"In na rasa ki fa?"

"Ka dai yi mini addu'a."

Ya san gaskiya, amma bai sake tunkarar Inna ba. Suka bar allurar, ba a jima ba ta samu ciki.

Da kaka ta zagayo, naƙuda ta zo da jini. Kafin mota ta isa Kankia, ɗinkin aikin baya ya ɓalle, jaririn ya rasu a ciki. Aka cire mahaifar don a ceci ranta. Shekarunta ashirin da huɗu.

Da ta farfaɗo, sai ta ga Inna a gefen gado, idanu sun kumbura.

"Jikoki nake so, 'yar nan. Wallahi ba wannan na nufa ba."

"Na yafe miki, Inna."

Haƙurin Kamila ya bar mata miji mai sonta, da 'ya'ya mata biyu, da suruka mai ɗauke mata ko da guga. Amma Ashiru bai yafe wa kansa ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, sai dai ran matarsa amana ce a hannunsa, kuma ranar da ya kamata ya faɗi haka cikin ladabi, shiru ya yi.