Takalman da Ya Cire a Bakin Ƙofa

"Ban san ka ba, amma wallahi na tsane ka."

"Na gode," in ji saurayin, yana gyara jakarsa a kafaɗa. "Yau ke ce ta huɗu. Ta uku har laima ta ɗaga mini."

Nuzhat ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Fitowarta ke nan daga sinima, idonta jajur don kuka, sai ga wanda ya nuna wa sojoji maɓoyar 'yan gwagwarmaya a cikin fim ɗin, tsaye a bakin titi yana jiran riksho, keken haya mai ƙafa uku, kamar kowa. Watan Disamba ne, tutoci kore da ja sun rufe Dhaka, ko'ina fina-finan yaƙin neman 'yancin ƙasar na shekarar saba'in da ɗaya ake nunawa.

"Sunana Tawsif. A waje ban taɓa cin amanar kowa ba."

"Haka duk kuke cewa."

Ya bar mata rikshon farko. Ita kuma ta karɓi lambarsa, wai don ƙungiyarsu ta masu nazarin fim a jami'a. Ƙungiyar ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Cikin wata biyu wayarta ta daina hutawa.

"Alƙaliyata, na iso wurin mai shayi. Ya ƙi sa mini sukari, ya ce maci amana bai cancanta ba. Ki zo ki yi belina."

"Ka sha da ɗacinsa, mugu. Ina cikin cunkoso a Shahbag. Zuciyata ta riga ni isowa, ka riƙe mini ita."

Ranar da ya ce zai zo gaida manya, Nuzhat ta kasa zama wuri ɗaya. Abbu da Ammu, babanta da mamarta, ba su da matsala. Tsoronta Dada ne, kakanta, wanda ya ɗauki bindiga a yaƙin yana ɗan shekara sha bakwai, ya dawo ya tarar an tafi da yayansa Mofiz, ba a sake ganinsa ba. Sau uku ya kalli fim ɗin nan, kowane karo ya dawo bai ci abinci ba.

Tawsif ya zo da kawunsa da tukunyar roshogolla, alawar madara. Ya aske gemun fim ɗin tas. Ya sunkuya zai taɓa ƙafar Dada don gaisuwa, tsohon ya janye ƙafarsa.

"Na gane ka. Ɗauki alawarka."

"Abba, wasa ne fa," in ji Abbu, gumi na keto masa. "Yaron nan sana'arsa ce."

Dada ya miƙe ya shige ɗaki.

Da yamma Nuzhat ta same shi a baranda yana ba shukokinsa ruwa.

"Dada, don Allah, ai ka san fim ne!"

"Na sani, 'yar nan. Tsufa na yi, ban haukace ba." Ya ajiye butar. "Na kalli irin waɗannan fina-finan sun fi hamsin. Kullum maci amana yana zare ido, yana dariyar mugunta. Ƙarya ce. Uwarmu ta ba ni labari: wanda ya kawo sojoji gidanmu, sai da ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su, ya gaishe ta, ya tambayi ciwon ƙafarta. Sannan ya nuna rumbun shinkafar da Mofiz yake ciki. Yaron nan haka ya yi a fim ɗin. Har jera takalman. Ki tambaye shi wa ya koya masa."

Ta tura wa Tawsif tambayar ta waya. Saƙon ya nuna an karanta, amsa ba ta zo ba.

Kwana ɗaya, biyu, biyar. Ta kira har wayar ta yi zafi. Ta je wurin mai shayi, ya ce bai gan shi ba. Ammu ta fara ambaton wani likita a Chattogram, ɗan aminin Abbu, mai hankali, wanda ba ya fitowa a talabijin. Nuzhat takan ɗauki littafi ta ajiye, ta hau rufin gida ta sauko, ta buɗe waya ta rufe.

"Idan ka gaji da ni ka faɗa. Shirun nan ya fi zagi ciwo."

A rana ta shida amsa ta zo.

"Nuzhat tawa, ban gaji ba, tsoro nake ji. Dada ya yi gaskiya. Kakana na kwaikwaya, mahaifin mahaifiyata, shi ma haka ya kai sojoji gidan mutane a ƙauyenmu can Pabna. Kakata ce ta faɗa mini kafin ta rasu, tana kuka. Ita ta wanke masa takalman da ya dawo. Babu wanda ya sani, har kawuna."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta amsa:

"Ka ce darakta ne ya koya maka. Ka ce a littafi ka karanta. Ina roƙonka, Tawsif, zan rasa ka."

"Zan zo gobe bayan Juma'a."

Ya zo shi kaɗai, hannu wayam. Kowa na falo, fanka na juyawa, Nuzhat na tsaye bayan labule tana murɗa gefen gyalenta.

"Dada, ka yi tambaya, na zo da amsa."

"Ina jinka."

Ya faɗi komai. Sunan ƙauyen, sunan kakan, mutum uku da aka fitar daga gidan malamin makaranta. Muryarsa ta karye sau biyu, bai tsaya ba.

"A rubutun fim ɗin ihu aka ce in yi. Ni na roƙi a bar ni in yi shi yadda ya faru. Ba ni da abin da zan mayar wa mutanen nan uku. Abin da na iya ke nan, in sa a gan shi yadda yake."

Ammu ta rufe baki. Abbu ya sunkuyar da kai.

"Jikata ta san wannan?" in ji Dada.

"Ta sani tun jiya."

"Me ta ce?"

Nuzhat ta yaye labulen ta fito, hawaye sharkaf.

"Cewa na yi ya yi maka ƙarya, Dada. Ya ƙi."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Wanda ya nuna Mofiz ya yi shekara talatin yana wucewa ta ƙofarmu. Yana yi mini sallama ina amsawa. Ya mutu, 'ya'yansa suka ce sharri aka yi masa." Ya mayar da tabaran. "Shekara hamsin da wani abu ina jiran mutum ɗaya daga gidajen nan ya buɗe baki ya ce, e, mun yi. Ban zaci a falona zan ji ba, daga bakin mai neman jikata."

"Ka yafe mana, Dada."

"Wannan ba a hannuna yake ba, yana wurin waɗanda aka tafi da su. Kai kuma ba ka nuna gidan kowa ba. Matso nan, ɗan banza, ka hana ni cin abinci sau uku."

Tawsif ya durƙusa. Dada ya dafa kansa, ya miƙa ɗaya hannun ya jawo Nuzhat kusa.

"Ke kuma maƙaryaciya, daina kukan, kin samu wanda ya fi ki gaskiya. Allah ya ba ku zuri'ar da ba za ta ji kunyar sunanku ba."

Ya juya ga Abbu, ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Ka ba likitan nan haƙuri. A sayo kurkum a fara shirin lalle. Kafin azumi za a ɗaura auren nan, kuma ni da kaina zan ba da ita."