Tsakuwa a Ɗakin Bita

Rana ta yi ja, an kaɗa ƙararrawar cin abinci, hayaniyar ɗalibai ta janye can nesa. A gidan ƙarshe na layin malamai, matar malamin lissafi tana kwashe shanya sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai. Ba yaro a katanga, ba tsuntsu. Ta biyu ta faɗo, ita kuwa daga cikin gida ta jiyo ta, daga ɗakin gaba inda mijinta ya kulle kansa.

Ɗakin nan ba na barci ba ne. A makarantar kwanan, duk yammacin Laraba malamai a cikinsa suke taruwa. Ɗaya ya miƙe gaban allo ya koyar da darasin da zai kai aji, sauran su zauna a benci kamar ɗalibai, in ya kauce su tare shi. Bita suke ce wa zaman. Matansu na kawo shayi, yara na guje-guje a baranda. Duk sabon malami a nan ƙafarsa ke yin ƙwari.

Da aka kawo mijinta, aka ba shi gidan, aka ɗora masa manyan azuzuwa da bai taɓa koyarwa ba, aka haɗa shi da wani tsohon malamin kimiyya don ya riƙa duba shi. Mako bai cika ba ya maƙala kwaɗo a ƙofar ɗakin.

"Na gode, Baba," ya ce wa tsohon, "amma ni ba ɗan koyo ba ne."

Girman kai rawanin tsiya! Mutum bai iya iyo ba, ya kuma hana a miƙo masa igiya. Kullum da almuru sai ya shige shi kaɗai, yana koyar da bencina marasa kowa.

Jifan bai tsaya ba. Yana fara magana a ciki, sai ta ji ƙas, tsakuwa ta bugi allo. Wani lokacin har da gunaguni, irin na tsohon da aka ɓata wa rai.

"Malam, mu faɗa wa maƙwabta."

"Su ce me? Na kasa aji, na kasa gida? Rufe bakinki."

Ta rufe. Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu da ba ta gama firamare ba. Ta bar ci, ta bar wasa. Da yamma ta yi sai ta je ta tsaya jikin ƙofar, tana zane a bango da yatsa. Nas ɗin makaranta ta duba ta ce ba zazzaɓi. Uwar tana kallon wuyan 'yarta yana sirancewa, tana haɗiye kuka saboda mutuncin miji.

Ran wata Laraba, yana ciki yana bitarsa, Auta ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta dattijo ce, mai kauri, mai sanyi.

"Ba haka ba ne. Sake."

Ta faɗi ta sandare, idanu sun juye.

Uwar ba ta nemi takalmi ba. Ta bi layin malamai tana dukan ƙofofi da hannu biyu. "Ku fito! 'Yata za ta mutu!" Waɗanda aka yi wa kwaɗo a fuska, ba wanda ya tsaya tuna wannan. Matan suka tallafe yarinyar, malamai suka cika tsakar gida, tsohon malamin kimiyya ya riƙo hannun limamin makarantar, wanda ya san ruƙiyya. Uban ya fito, ya mayar da kwaɗonsa, ya tsaya gefe.

Liman ya durƙusa ya fara karatu a kunnenta, a hankali, ba gaggawa. Jikinta ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?"

"Ɗalibi."

"Ɗalibin wa?"

"Na ɗakin can. Tun ana aza tubalinsa nake bencin baya, ban taɓa kowa ba. Na ga malamai sun shigo murya na rawa, sun fita da ƙarfinsu. Wannan ya kore su ya bar ni da shi, yana zuba kuskure ba mai cewa tsaya. Duk inda ya kauce na jefa tsakuwa, bai gane ba. Ba ni da bakin da zai ji, sai na ari nata."

"Aron da ba izini zalunci ne. Fita."

"Ku bar mini ita, in riƙa gyara masa."

Uwar ta ƙwalla ƙara. Liman ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta gantsare.

"Ko farcenta ba za ka riƙe ba."

"To a cire kwaɗon," muryar ta ce tana haki. "Ya tsaya gabansu yanzu. In na ji ɗan Adam ya gyara masa, na tafi."

Liman ya juya ga uban. "Ba na yi wa aljani alkawari da bakin wani. Ga 'yarka, ga allo."

Uban ya buɗe. Ƙasan ɗakin duk tsakuwa. Malamai suka zazzauna, uwar ta tsaya bakin ƙofa da Auta a ƙirjinta, jiki kamar itace. Ya ɗauki alli, ya karye, ya ɗauki guntun. Ya yi layi, ya yi wani, sai ya kauce. Ita ba ta san lissafi ba, amma ta ga kawuna sun sunkuya. Tausayinsa ya kama su, kowa ya yi gum.

Numfashin Auta ya fara sarƙewa.

"Baba!" ta daka wa tsohon tsawa. "Kara za ku yi masa a kan ran 'yata? Wallahi in kun ga kuskure ku faɗa!"

Tsohon ya yi gyaran murya. "Tsaya, ɗana. Koma layin sama."

Mijinta ya kalli allon, ya daɗe. Hannunsa ya sauka.

"Baba, nan wurin ban iya shi ba," ya ce. "Tun zuwana ban iya shi ba. Ku nuna mini."

Tsohon ya miƙe, ya karɓi guntun allin, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Bencin baya, wanda ba kowa a kai, ya yi ƙara kamar an tashi daga kansa.

Auta ta yi atishawa. Jikinta ya saki.

"Umma, ruwa," ta ce, da 'yar muryarta.

Da safe uwar ta share tsakuwar, ta jefa kwaɗon a kwandon shara. Laraba ta zagayo, ta dafa shayi ta tsaya a baranda, Auta na maƙale da zaninta. Can ciki ta ji an ce wa mijinta, "Tsaya, sake." Ta kasa kunne ga rufin kwano.

Ba abin da ya faɗo. Sai muryarsa, yana sakewa.