Wasiƙun Umma da Suka Ƙi Buɗewa

Tun daga bakin ƙofar shagon ta ji mutumin bai kwanta mata ba. Saurayi ne dogo, sukundireba a bayan kunne, fara'a har ta yi yawa. Ita kuwa malamar makaranta ce, ta san masu irin wannan murmushi, yawanci ba su yi aikin gida ba.

Ta dire kwamfutarta a kan tebur. "Manhajar imel ɗina ta ƙi buɗewa. Kullum sai ta ce ba ta iya karanta fayil ɗin wasiƙu ba."

"Wa ya taɓa ta kafin ni, Malama?"

"Ɗan goggona. Sau uku yana goge manhajar yana sake sa ta."

Mai gyaran ya dafe kai. "Ai ba manhajar ce ke ciwo ba, fayil ɗin ne. Ya yi girma, kuma da alama batir ya mutu ana tsakiyar rubutu a cikinsa. Me ke ciki?"

Ta so ta ce ba ruwansa, amma sai ta ji tana gaya masa. Wasiƙun Ummanta ne, na shekara biyar da ta yi tana aikin jinya a nesa kafin ta rasu. Adireshin an rufe shi tuni, ba su ko'ina sai cikin wannan fayil ɗaya.

Murmushinsa ya ɗauke. Ya zaro filashi ya soka a kwamfutar.

"Me kake kwasa?" Ta kusa fizge kwamfutar.

"Kwafi. Ba na gyara fayil sai na ajiye na biyu, ko da gyaran zai ƙara lalata shi."

Kwana biyu bayan nan, tana ofishin malamai, saƙo ya shigo: "Malama, mara lafiyarki ta farfaɗo. Na gyara fayil ɗin, na nuna wa manhajar inda yake. Wasiƙu ɗari huɗu da shida, ba wadda ta ɓata. Ki zo ki duba da idonki, tunda ba ki yarda da ni ba."

Ta amsa: "Wa ya ce ban yarda da kai ba?"

"Girarki ta hagu."

Kai, daga nan fa sai abu ya zame. Kwamfuta lafiya lau, amma kullum Malama sai ta gano mata sabon ciwo, yau madanni, gobe caja. Ya koma ce mata Tauraruwa, ta koma ce masa Injiniyana. Ta so shi ƙwarai, ba ɓoyo.

Ran nan ya rubuto da safe: "Tauraruwa, ki daina shan shayi cikinki ba komai. Ki ci abinci kafin ki shiga aji."

Haka Umma ke rufe kusan kowace wasiƙa. A ina ya samo?

Ɗan goggo, wanda ya daɗe yana sonta ba a kula shi, shi ya ƙarasa aikin. Ya je shagon wai sayen caja, ya dawo ya zauna a falo gaban Abba yana girgiza kai. "Kawu, filashi na gani a durowarsa da sunanta a jiki. Asirin gidan nan duk yana hannunsa. Da wasiƙun marigayiya yake tsara ta!"

Abba ya miƙe. "Ba zan ba da 'yata ga mai leƙen asirin mutane ba. Magana ta ƙare."

Malama ba ta kare mai gyaran ba, don ita ma zargin na cin ta. Ta aika masa layi ɗaya: "Ka karanta wasiƙun Ummata?"

"A'a. Amma wannan ba maganar waya ba ce. Zan zo gaban Abba."

Ya zo da la'asar, ya durƙusa ya gaida Abba, ya ajiye filashin a kan tebur.

"Abba, gaskiya ne na riƙe kwafi. Nakan ajiye wa kowa wata uku, saboda fayil da ya taɓa lalacewa yana iya maimaitawa. Laifina shi ne ban gaya mata ina riƙe da shi ba. Amma ban buɗe ko ɗaya ba. Maganar shayi kuwa, sau nawa ta zo shagona ba komai a cikinta sai shayi."

"Kowa ma haka zai ce," in ji ɗan goggo.

Malama ta soka filashin a kwamfutarta, ta buɗe kwafin. Akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: wasiƙar Umma ta ƙarshe, wadda ta iso kwana biyu kafin rasuwarta, ta kasa buɗe ta har yau. Ga ta nan a sama, da alamar ba a karanta ba.

"Abba, dubi! Ko wannan bai buɗe ba."

Mai gyaran ya leƙa. Sai ya ce, "Malama, wannan ba hujja ba ce. Danni ɗaya ne a mayar da wasiƙa kamar ba a karanta ba, ni ma na iya. Ba ni da abin da zan nuna muku sai maganata."

Wayyo, ji ta yi kamar ta toshe masa baki. An buɗe masa ƙofa ya rufe da hannunsa!

Abba ya juya gare shi. "Yaro, da ka yi shiru da ka tsira."

"Da na tsira, Abba, amma da ta aure ni a kan abin da na san ba haka yake ba."

Abba ya koma ya zauna. Ya dubi ɗan goggo har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ya ce wa mai gyaran, "Maƙaryaci ba ya rushe shaidarsa da kansa. Ka turo manyanka."

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure. Abba ya riƙe hannunta yana ta sa albarka, har goggo ma ta yi hawaye.

Da hantsi, a sabon falonsu, ta ɗauko kwamfutar ta zauna kusa da shi. Ya ga wasiƙar da take shirin dannawa, ya yunƙura zai ba ta wuri.

Ta riƙo rigarsa. "Zauna, Injiniyana. Ni ba zan iya ba, idona ya cika. Kai ka karanta mana."

Ya gyara zama ya fara, a hankali: "'Yata, na ji sauƙi yau, har na zauna..."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa tana sauraren Ummanta. Allah ya ji ƙan uwar, ya bar 'ya'yan tare cikin aminci.