Ɓeran Masar Daga Kango

Ana gab da kiran magariba, wata mai ɗinki tana kwashe shanya, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinta. Ta ɗaga kai. Babu iska, babu yara a bayan katanga. Sai ga na biyu, ya sauka daidai bakin kwalin da ɓeran Masar yake ciki.

Kwana biyar ke nan da ta kawo dabbar. A kangon ƙarshen layinsu ta tsince shi, gidan da masu shi suka tashi tun bara. Ta gan shi ɓul-ɓul, gashinsa yana sheƙi, amma baiwar Allah ba ta tsaya ta tambayi kanta wa ke ciyar da shi a gidan da babu kowa ba. Hankalinta yana kan ƙaramar 'yarta, Auta. Tun da zazzaɓi ya ɗauke yayarta wata huɗu baya, yarinyar ta daina magana, abinci kuwa sai an yi da gaske take haɗiye loma biyu.

Mai ɗinki ko kaza ba ta taɓa kiwo ba, amma ta dage. Ta shimfiɗa masa ragowar yadi, ta kifa masa tsohuwar roba da ta yanka wa ƙofa don ya samu maɓoya, ta ajiye shi nesa da ƙarar keken ɗinki. Ta koya wa Auta kada ta cafke shi daga sama, ta zauna kawai da ciyawa a tafin hannu har ya zo don kansa. Rana ta uku ya zo.

"Umma, ya ci," in ji Auta.

Uwar ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ranar yarinyar ta cinye abincinta tas.

Sai dai kullum rana ta faɗi, dabbar takan fuskanci ƙofar gida ta yi ta wani siririn kuka. A yammacin jifan nan, wani abu ya amsa mata daga waje. Muryar ƙaramar yarinya ce, mai shessheƙa. Mai ɗinki ta leƙa, layin shiru.

Washegari war haka Auta ta yanke jiki ta faɗi kusa da kwalin. Da ta tashi zaune, idanunta sun kafe, kallon da take yi wa uwarta ba na 'ya ba ne. Maƙwabciya ta ruga ta kira malamin unguwa, wani dattijo mai sanyin magana. Ya zauna ya yi ta karatu har jikin yarinyar ya fara rawa.

Ya ce, "Wane ne kai? Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Uwa ce ni, kamar waccan." Muryar babbar mace ce ta fito daga bakin Auta, ta gaji ƙwarai. "A kangon nan muke zaune. Ni ke yanko masa ciyawa. 'Yata ta rasa ƙanenta, ba ta cin abinci sai ta ga dabbar nan tana ci. Yau kwana shida ba ta sa komai a bakinta ba."

Mai ɗinki ta matso kusa. Ta ce, "Don Allah ki yi haƙuri. Zan nemo muku wani, ko biyu ma."

"Ke za ki karɓi wata 'ya a madadin wadda kika binne?"

Malam ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Za ki fita, ba za ki dawo ba, kuma jifa ya ƙare. Gobe kafin faɗuwar rana a mayar muku da abinku."

"Na yarda. Amma yarinyar ta kawo shi da hannunta. Ya saba da ita, ba na son ya firgita a hanya."

Malam ya dubi mai ɗinki. "'Yata, kin ɗauka ba ki tambaya ba. Haƙƙinsu ne."

Ta san abin da za ta rasa, ta kuma gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa sau uku, barci ya kwashe ta.

Da la'asar suka tafi, Auta rungume da kwalin. Ta shiga kangon ita kaɗai, uwar tana tsaye a bakin ƙofa. Auta ta daɗe kafin ta fito hannu wofi.

A gida mai ɗinki ta zuba abinci, ba don tana sa rai ba. Auta ta jawo kwanon, hawaye yana zuba a ciki, ta kai loma baki.

"Umma, na ga yarinyar kangon. Ta fi ni ramewa." Ta haɗiye da ƙyar. "Mun yi alkawari, kowa zai ci nasa, ko da babu daɗi."