Rangwamen Ilinca

"Ilinca, ke yake so ko rangwamenki?"

Mama ce ta jefo min tambayar tana naɗe sarmale, wato nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Haba Mama..."

"Babu wani haba. Kin gama jami'a, katinki na ɗalibai ya mutu, ga Lahadi ta zo. Ina kafintan naki?"

Tun ina aji biyu a sashen zanen gine-gine nan birnin Cluj, duk Lahadi sai kafintan, Horia, ya zo gidanmu ya zana kabad ɗin kwastomominsa a kwamfutata. Manhajar zanen tsadar tsiya gare ta, amma mu ɗalibai kusan kyauta ake ba mu. Illarta ɗaya, duk takardar da ka buga sai ta fito da hatimi a gefe: "Don karatu kawai."

Yakan ce, "Ina adalci a nan? Mu da muke ci da ita an tsawwala mana."

In ce, "Tarko ne, masoyi. Su saba mana, mu gama, mu saya dole."

Ashe ni ce a tarkon?

A matakala na haɗu da maƙwabciyarmu Sanda, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa.

"Jiya na gan shi da wata 'yar aji ɗaya," ta ce tana murmushi. "Sabon kati, ƙawata..."

Raina ya ɓaci, na nufi shagonsa ko sallama babu.

"Katin wa ka samu yanzu?"

"Ilinca..."

"'Yar aji ɗayan fa?"

"Ƙanwata ce, sunanta Oana. Dubi bangon nan, don Allah."

Zanen kabad ɗin da muka yi tare bara ne a manne, har ya yi ƙura. Na duba gefensa. Babu hatimi.

"Na daɗe da sayen tawa manhajar, babur ɗina na sayar," ya ce. "Wa zai kai wa kwastoma aiki mai wannan hatimin? Duk abin da muka zana Lahadi, Litinin nake sake shi."

"To me kake zuwa yi?"

"Mamarki ba za ta buɗe wa kafinta mai neman 'yarta ƙofa ba. Mai neman taimako kuwa, har miya take zuba masa."

"Yau fa?"

"Katinki ya mutu, uzurina ya mutu. Tun safe nake nan, tsoro ya hana ni fita."

Sai a lokacin na lura da farar rigarsa da furannin da ke kan bencin aiki. Kunya ta kama ni, hawaye suka zubo min.

Tare muka koma gidanmu, yana riƙe da furannin. Mama ce ta buɗe mana ƙofa, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Manhajar ta daina aiki."

"Na sani, Tanti Viorica. Wurinki na zo."

Ta jima tana kallon furannin, sannan ta matsa gefe.

"Goge ƙafarka. Sarmalen na hucewa."