Tuwon Mutum Huɗu

A kasuwar Yankara suka fara haɗuwa, kuma a kan abin kunya. La'asar ta yi, mutane sun fara watsewa, sai Almu mai sayen masara ya waiga hagu da dama, ya tuɓe takalmi ya hau sikelin da yake auna buhuna.

"Wannan buhun ma na sayarwa ne, Malam?"

Ya diro kamar ya taka wuta. Wata mai daddawa ce, tire a kai, tana danne dariya. Baraka sunanta, ɗiyar Malam Ɗanlahadi na Damari. Da ta ga yadda fuskarsa ta canja, sai ta ce, "Yi haƙuri, bakina ne ba ya jin magana." Kafin ta tafi dai ya karɓi lambarta.

Kullum da safe saƙonta ke tashinsa: "Ina kwana, babban mutum na. Ka karya kuwa?"

Shi kuma ya mayar: "Na karya, Hasken Damari."

Ƙarya yake yi. Tun da likita a Kankara ya ce jininsa ya hau, dole ya rage jiki, Almu ya ɗaura yaƙi da cikinsa. Ba karin kumallo, ba na rana, sai ruwan zafi da lemun tsami. Amma da yamma ta yi sai wani abu ya taso masa. Ya sayi waina, ya sayi rogo da ƙuli, ya shige shagonsa na Ketare ya ja ƙofa, ya yi ta turawa ba ya ko jin ɗanɗano, har sai numfashi ya gagare shi. Sannan ya zauna cikin ledoji yana kuka, ƙato da shi. A lokacin nan ne yake jin wata murya a kunnensa, a hankali: "Ci nawa, Almu."

Ranar da ya je gaisuwa Damari, kwana biyu ke nan bai sa komai a baki ba, wai don rigarsa ta zauna daidai. Aka sauke shi a zaure shi kaɗai, aka shigo da tuwon dawa da miyar kuka, na mutum huɗu, domin Malam da ƙannensa biyu suna hanya daga masallaci. Kowa ya san mai neman aure loma biyu yake yi ya janye hannu. Almu ma ya sani. Ya ce bari ya ɗanɗana.

Da Malam ya yi sallama, kwano ya koma kamar an wanke shi.

Da yamma Malam ya kira ɗiyarsa ya ce, "Wanda bai iya riƙe hannunsa a gidan surukai ba, ba ni ba shi ɗiya. Ga Nasir malamin makaranta na Faskari, shekara guda yana bina."

Sati biyu Almu bai ɗaga wayarta ba, bai kuma leƙa Yankara ba. Baraka ta ɗauka ya fasa ne, ta yi fushi, ta yi kuka, daga baya ta rubuta: "Ban tambaye ka me ya sa ka ci ba. Ina tambaya me ya sa ka gudu. Ni ban ce ka rame mani ba."

Washegari ya koma Damari, ya durƙusa gaban Malam. Baraka na bayan ƙofa tana ji.

"Baba, shekara uku ke nan mutanen daji suka kwashe mu a gona. Kwana hamsin da biyu. Tafin hannu guda na dafaffiyar masara suke ba mu a yini. Akwai abokina Uwais, zazzaɓi ya kama shi. Kullum sai ya turo mani nashi ya ce in ci. Na ci, Baba. Kwana tara ina cin rabonsa ina kallonsa. Ni na dawo, shi can ya rasu. Tun daga nan ban ƙara sanin ƙoshi ba."

Malam ya matso kusa da shi. Damari ma ta san mutanen daji, ba gidan da ba a taɓa ba.

"Ka taɓa gaya ma wani?"

"A'a."

"Baraka, kawo abinci."

Ta shigo da kwano ɗaya, idonta jawur. Malam ya wanke hannu ya tura wa Almu ruwan, abin da suruki ba ya yi. Suka ci tare. Da hannun Almu ya fara sauri, tsohon ya dafa shi ya ce, "A hankali, ɗana. Akwai na gobe. Uwais bai ba ka don ka kashe kanka ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ba a ce Almu ya warke ba, kuma har yau shi ne mafi faɗi a sahun masallaci. Amma ya koma wurin likita ya faɗi gaskiya, ya daina kwana biyu da yunwa, kuma in abin ya taso masa, maimakon ya ja ƙofar shago sai ya kira matarsa.

Ranar da za a kai amarya Ketare, Malam ya riƙe hannun angon ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ƙosar da ku. In ya ba ku namiji, ka san sunan da za ka sa mashi."

Almu ya buɗe baki zai ce amin, kuka ya riga shi. Baraka ce ta amsa daga cikin mayafi.