Sunan Da Ba A Kira A Gidan Malam Maitama

"Kwana tara, Shafa... kwana tara kacal suka rage mini!"

Shafa'atu ta ajiye littattafan 'yan ajinta a kan dakali ta dube shi. Abdussamad ne tsaye a ƙofar firamaren Ƙarfi inda take koyarwa, ko babur ɗinsa bai kashe ba, ga wata doguwar ambulan a hannunsa.

"Kashe wannan abin tukuna, Ɗan Zango, ka yi mini bayani."

Haka take tsokanarsa, don haifaffen zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana. Karatun noma ya kawo shi Zariya. Da ya gama aka ba shi takardar izinin aiki ta shekara biyu, ya zama malamin auduga tsakanin Funtua da Malumfashi. A gonar mahaifinta, Malam Maitama, suka fara haɗuwa, ya zo duba tsutsa ya ɓuge da duba mai kai abinci. Yanzu har an sa rana bayan kaka mai zuwa.

Sai ga shi a farkon shekarar 1983 rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takarda mai rai ya tattara.

"Ba ka ce ka nemi ta zaman dindindin ba?"

"Na nema, wata takwas ke nan. Amma neman ba ya tsayar da kwanan wata. Dole a ƙara wa takardar aikin wa'adi kafin waccan ta fito. In ta mutu a hannuna, neman ma ya mutu."

"To a ƙara mana!"

"Shugabana ya sa hannu. Saura mai tsaya mini ya yi rantsuwa a kotu in kai Kaduna. Sunan Babanki na rubuta tun farko, in na canja sai an sake komai daga tushe."

"Sai me? Baban da ba ya cin ɗanyar masara sai ya ajiye maka taka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ƙi, zinariyata."

"Ya me?!"

"Wallahi har ya sa hula. Sai ya tambaye ni yadda ake rantsuwar. Na ce akawu zai karanta, shi kuma ya maimaita: ni wane, na tsaya wa wane... Kawai ya cire hular ya ce in nemi wani."

Tsoro ya kama ta, amma gaskiya mamaki ya fi tsoron yawa. Shafa'atu irin mutanen nan ce da in suka ji abu na motsi a cikin gora, ba sa barci sai sun leƙa. Me ke cikin rantsuwa da zai sa dattijo cire hula?

"Je ka Funtua ka yi aikinka," in ji ta. "Ka bar ni da mutanen gidanmu."

Mahaifiyarta Inno ta fara tara, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inno, Baba ya taɓa shiga rigima a kotu ne?"

"Ubanki? Ko shaidar kaza bai taɓa yi ba."

"To ko ya ji wani mugun abu game da Abdussamad?"

Rariyar ta kusa suɓucewa daga hannun Inno. "Ke! Rufe bakin nan, maras kunya! Tashi ki ba ni wuri."

Shafa'atu ta tashi, amma ta tafi da abin da ta samu. Ba kunyar suruki ba ce kawai a fuskar Inno, har da firgita. Ta tsaya a bakin rumbu tana lissafi. Inno "Malamin Auduga" take ce masa. Baba kuwa "Babban Baƙo". Shekara biyu yaron nan yana shiga yana fita, ashe ba ta taɓa jin sunansa a bakin wani babba na gidan ba!

Ta zarce ɗakin Gwaggo, yayar mahaifinta, ta same ta tana kaɗi, mazari na juyi a kan tasa.

"Gwaggo, yaya sunan kakanmu?"

"Malam Babba mana."

"Wannan ai ba suna ba ne. Wanda aka raɗa masa nake nufi."

Gwaggo ta tsinke zaren da gangan, ta daɗe tana ɗaurawa. "Ja'ira, ke dai ba kya gajiya da tone-tone. Da wane bakin zan faɗa miki?"

"To ki nuna mini hanya."

"Hanyar ai kullum tana zuwa ƙofar gidan nan a kan babur."

Shafa'atu ta dafe ƙirji. "Gwaggo... sunansu ɗaya?"

"Ni dai ban ce ba." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi. "Ubanki yana ɗan shekara goma sha ɗaya Malam ya rasu a hanyar fatauci, ko gawarsa ba mu gani ba. Tun da aka haife mu ba mu taɓa kama sunan nan ba, balle bayan ransa. Yanzu a ce ya tsaya gaban alƙali, gaban jama'a, ya kira shi gatsal kamar yana kiran sa'ansa?"

"Me ya hana shi faɗa wa yaron dalili?"

"Ya faɗa ta yaya, ba tare da ya taɓo sunan ba?"

Dariya ta so kama Shafa'atu, hawaye suka riga ta. Wai aurenta zai tashi, masoyinta zai hau akori-kura zuwa iyaka, ba don ƙiyayya ba, don tsabar ladabi!

Washegari da hantsi ta bi mahaifinta gona, ta tarar da shi yana danna auduga cikin buhu za a kai kasuwa. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, na gane."

Bai ɗago ba. "Gwaggonki ba ta iya riƙe baki."

"Ba ta faɗa ba, Baba. Ni na tono."

Ya zauna a kan buhun, ya yi ajiyar zuciya. "Ranar da ya fara zuwa gonar nan ya gabatar da kansa, a raina na ce Allah Ya dawo mini da sunan har gida. Tun kafin ya gan ki na so shi, Shafa'atu."

"To Baba..."

"Harshena ba zai ɗauka ba, 'yar nan. Na gwada ni kaɗai a bayan rumbu, ya ƙi fita."

Ta share hawaye. "Ba zan matsa maka ba, Baba. In ka ce in haƙura, zan haƙura. Amma in ya tafi, sunan ya bar gidanmu karo na biyu ke nan. Wancan karon ba ka da yadda za ka yi."

Malam Maitama ya dube ta. Sannan ya miƙe ya ci gaba da danna audugarsa.

Kwana shida suka wuce haka. Ta kwashe komai ta faɗa wa Abdussamad, ya ce, "Da na sani da ban roƙe shi ba. Gara in koma Kumasi da in sa dattijo ya karya abin da ya riƙe tun yana yaro."

"Ni kuma fa?"

"Ke ce ciwon, Shafa... ke ce ciwon duka."

Ranar Laraba, saura kwana biyu, suka je kotun Malumfashi su biyu, ko za a yarda a rubuta a kai wa dattijon gida ya dangwala. Akawun, Donatus, haifaffen garin ne, ya san al'adar sarai. Ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malama, rantsuwa da baki ake yin ta, gaban alƙali. Ba ni da ikon tsallake ko kalma ɗaya."

Suna juyowa sai ga keke a ƙofa. Malam Maitama ne, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, gumi har gemu. Bai kalli kowa ba.

"Ina ake tsayawa?"

Aka shiga gaban alƙali, Shafa'atu ta maƙale a bakin ƙofa. Donatus ya fara karantawa a hankali.

"Ni, Maitama na Ƙarfi..."

"Ni, Maitama na Ƙarfi."

"Na san wannan mutum, na tsaya masa..."

"Na san shi, na tsaya masa."

"Mai suna Abdussamad."

Leɓen dattijon ya motsa, babu abin da ya fito. Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya durƙusa a kan siminti, kansa a ƙasa, kamar yadda yaro ke yi a ƙofar turakar ubansa.

A durƙushen nan dattijon ya kira sunan.

"Abdussamad..."

Saurayin bai san lokacin da ya zube kusa da shi ba, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Na'am, Baba!"

Malam Maitama ya laluba ya kama hannunsa ya riƙe gam. Ya ɗago ya dubi akawu da jajayen idanu.

"Rubuta, yaro. Ka rubuta cewa ba inda zai je."